Kwamfutar Auta Ta Ƙi Tashi

Litinin, 3 ga Yuni

Yau da safe ina shara na nemi dariyar Auta a kaina, ban same ta ba. Fuskarsa tana nan, har ɗan tabon da ke gefen girarsa. Tafiyarsa ma tana nan, yadda yake jan ƙafar hagu in ya gaji. Muryar ce babu. Na tsaya da tsintsiya a hannu kamar wadda ta manta abin da ta shigo ɗauka. Wata huɗu kacal da rasuwarsa. Ni da na ji kukansa kafin kowa ya ji.

A tsohon littafinsa na makaranta nake wannan rubutun. Rubutuna ba kyau, karatuna bai yi nisa ba. Ba wanda zai gani.

Talata, 4 ga Yuni

Bari in faɗi gaskiya tunda takarda ba ta kai tsegumi. Kwamfutarsa tana wurina, a ƙasan akwatina, naɗe cikin zane. Kwana uku da rasuwar, gida cike da masu gaisuwa, na hau sama na ɗauke ta daga kan teburinsa, ita da cajarta, na rufe da mayafi na sauko. Matarsa ta yi ta nema. Mai Gilashi nake ce mata a raina, a baki kuma ba na ce mata komai, sai dai "ke". Ta zazzage ɗakinsu, ta yi kuka, ta ce wani ne cikin baƙi. Ina zaune ina jin ta.

Ita ta samu komai. Shekara biyar na aure. Shagon gyaran kwamfuta da suke zama tare tun safe har yamma, kafaɗa da kafaɗa. Kwana tara na asibiti. Ranar ƙarshe na dawo gida in yi wanka in canja kaya, awa ɗaya tak, a cikinta ya tafi, hannunsa cikin nata. Har yau ban tambaye ta abin da ya ce ba. Ba zan roƙi maganar ɗana a bakin wata ba.

A cikin kwamfutar akwai bidiyon da yake ɗauka yana koya wa mutane gyara. Ya taɓa nuna min ɗaya, na ce ya kashe, surutu ya yi yawa. Wayyo ni. Saƙonnin muryar da ya turo min kuwa sun tafi tare da wayata ta da, wadda ta faɗa bokiti bara.

Laraba, 5 ga Yuni

Na jira ta tafi shago. Na mayar wa kwamfutar batirinta, na jona caja, na danna inda na sha ganin yana dannawa. Ta yi ɗan nishi, fitila ta kama. Sai allo baƙi ƙirin da layi ɗaya na farin rubutun Turanci. Na jira har shayina ya huce. Na kashe, na kunna. Haka dai. Sau bakwai.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ta sauko da burodi ta ajiye min, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Agogonsa ne a hannunta, ya yi mata yawa, yana ta zamowa. Ni na saya masa agogon nan ranar da ya gama makaranta.

Ta ce, "Mama, ƙarshen wata zan koma gidanmu. Babana ya ce zaman ya isa haka."

Na ce Allah ya kai mu. Ta tsaya kamar tana jiran wani abu. Me zan ƙara?

Asabar, 8 ga Yuni

Na hau mota biyu don kada in bi ta layin shagonsu. Wani dogon gini na shiga, cike da masu waya da kwamfuta, hawa na uku, gwiwoyina na kuka. Na wuce samarin da ke ta "Hajiya zo nan, Hajiya me za a gyara", na zaɓi wani dattijo mai furfura a lungu. Teburinsa tarin wayoyi da ƙusoshi ƙanana cikin murfin kwalba, ga fanka mai ƙara.

Ya karanta farin rubutun ya ce, "Cewa take ba ta ga inda za ta tashi ba. Ƙaramin aiki ne, sai mu ɗora mata sabuwar manhaja." Ya soka wani ɗan abu kamar yatsa, filas ya kira shi. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ya canja rami, ya canja filas, baƙin allo dai. Ya ce, "To fa. Taurin kai gare ta."

Na ce, "Gado ta yi."

Sai ya kashe ya kunna yana dukan wani madanni da sauri. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo. Ya jingina da kujera ya ce, "An kulle bayos."

Ya yi min bayani a hankali, Allah ya saka masa. Wai kafin kwamfuta ta farka akwai mai gadi a bakin ƙofa, shi ne bayos, shi ke nuna mata hanyar da za ta bi ta tashi. Mai kwamfutar ya koya wa mai gadin tsohuwar hanya, yanzu mai gadin ya manta, ya koma yadda ya fito daga kamfani, ba ya gane kayan gidan balle baƙo. Kuma ba a shiga a tuna masa sai da kalmar sirri.

Ya tambaye ni, "An cire mata babban batir ta daɗe a ajiye ne?"

Na ce e, ni na cire. Auta ne ya sha faɗa min, in zan ajiye rediyo ko tocila in cire batir kada ya zubo ya ci cikin.

Ya ce, "Hajiya, rediyo daban, wannan daban. Akwai wani ɗan batir a cikinta kamar maɓallin riga, shi ke riƙe wa mai gadin tunaninsa. Da ma ya tsufa. Da kika cire babban, shi kaɗai ya yi ta ja har ya mutu."

Wato da hannuna. Ina lallaɓa ta, ashe kashe ta nake.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban fita ba. Ina jin takunta a sama, tana jan akwatuna.

Litinin, 10 ga Yuni

Na koma wurin mai furfura da takarda. Na rubuta sunana, da sunan da Auta ke tsokanata da shi, da ranar haihuwarsa, da tawa, da sunan marigayi babansa. Ya ce sau uku kawai take yarda a gwada, sai an kashe an sake kunnawa. Muka yi ta yi. Duk wanda ya buga sai ta yi wani ɗan ƙara, ƙit, kamar tsaki.

Da ya buga sunana ta yi tsakin, sai da na ji shi a ƙirji.

Ya ce, "Yana da iyali? Galibi sunan matar ne. Mu maza ba mu da wata dabara."

Na ce ban san yadda ake rubuta sunanta da boko ba. Ƙarya. Na sani sarai, harafi bakwai ne. Tsoro nake ya buga ta buɗe.

Laraba, 12 ga Yuni

Yau saura ƙiris.

Ya ce zai ciro rumbun ajiyar ya jona a tasa kwamfutar, ko a samu a kwashe abin ciki. Da ya fara kwance mata ciki na juya fuskata, ban iya kallo ba. Ya jona, ya duba, ya ce, "Ɗanki gwani ne. Nan ma ya sa kwaɗo. Rumbun cike yake, amma ko ƙura ba zan iya ɗauka ba." Ya mayar.

Sai ya ce ya haɗa wani filas irin na zamani wanda mai gadin zai yarda da shi. Ya soka, ai kuwa allo ya kawo haske, launi mai kyau, wani abu yana juyawa. Na ce alhamdu lillahi har na share hawaye. Ya yi ta dannawa, ya ce, "Saura fomatin. In ci gaba?" Na gyaɗa kai. Ni na san fomatin? Na zaci sunan gyaran ke nan.

Yatsansa na kan madanni na ce, "Malam, in ta tashi ka fara nemo min inda yake dariya."

Ya ɗauke hannunsa kamar ya taɓa wuta. Ya ce, "Wace dariya?"

Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya goge goshi. Ya ce fomatin shara ce, sharar da ba ta barin ko tsinke. Kwamfuta za ta tashi fes kamar sabuwa, amma ba murya, ba hoto, ba komai. Ya ce ya zaci na gane tun da ya ce ba a iya kwashewa. Ya ce, "Ni ma laifina ne, na yi miki Turanci." Ya zare filas ɗin ya jefa a aljihun tebur.

Da zan tafi ya ce, "Hajiya, wanda ya san kalmar nan minti goma ya ishe shi. In kin san mutumin, ki daina wahalar da gwiwarki."

A mota na rungume kwamfutar har gida.

Asabar, 15 ga Yuni

Yaya ta zo. Ba ta zauna da kyau ba na fashe mata da komai. Na ɗauka za ta rarrashe ni. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe ɓarauniya muka goya."

Na ce kayan ɗana ne.

"Kayan mijinta ne kuma. Ke da furfurarki kina kishi da yarinyar da ko nama babu a wuyanta? Kin dubi wuyanta kwanan nan?"

Na ce ita ta riƙe hannunsa.

"Na wa kike so ya riƙe, na likita? Ki gode Allah akwai hannu a wurin."

Na ce ta tashi ta tafi gidanta. Ta ce sai ta sha shayi. Ta sha kofi biyu.

Litinin, 17 ga Yuni

Na dubi wuyan. Gaskiyar Yaya ce. Amma agogon yana nan a hannunta.

Talata, 18 ga Yuni

In ta tafi ta tafi da kalmar. Saura kwana goma sha ɗaya. Na sake neman muryarsa yau ina wanke-wanke, sai ta babansa ke zuwa min.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na yi.

Da ta dawo daga shago da la'asar na kira ta. Na ɗora kwamfutar a kan gado, na buɗe zanen. Ta cire gilashinta ta mayar. Ta taɓa gefen da ya tsage, inda Auta ya manna da baƙin salatif.

"A ina aka samo ta?"

Na ce ba ta taɓa ɓata ba.

Ta daɗe tana kallona. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Wata huɗu, Mama. Ƙanina na zarga. Na ce masa ɓarawo a gaban babanmu. Har yau ba ya ɗaga wayata."

Ban san wannan ba. Wallahi ban sani ba.

Ta ce, "Hotunan aurenmu suna ciki. Kin san ba ni da su a ko'ina?"

Na ce ke kina da shekara biyar, kina da shago, kina da awar ƙarshe, ni me nake da shi. Ban shirya faɗa ba, fitowa ya yi.

Ta ce, "Kina da shekara talatin da ɗaya." Ta fita. Ba ta ɗauki kwamfutar ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Ba burodi yau. Ba gaisuwa. Ta sauko ta wuce ƙofata, takalminta a hankali.

Asabar, 22 ga Yuni

Na karɓi lambar ƙanin nata wurin maƙwabciya na kira shi. Na ce ni ce na ɗauka, 'yar'uwarsa ba ta da laifi, shi ma ba shi da. Ya ce, "To, Mama." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 23 ga Yuni

Da hantsi ta yi sallama. Ba ta durƙusa ba. A hannunta sukudireban Auta mai jan mariƙi da wani ɗan batir a leda. Ta ce, "Me aka yi mata?" Na faɗa mata duka, har batirin da na cire da dalilina. Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, ta danne. Da na zo kan fomatin ta rufe ido ta ce inna lillahi.

Ta zauna a ƙasa, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera ƙusoshin a layi yadda ta ciro su. Haka yake yi. Har harshen da yake ɗan fitarwa in yana aiki ta ɗauka. Wannan karon na kalla. Ta canja ɗan batirin, ta rufe, ta kunna tana dukan madannin nan da yatsa biyu. Akwatin ya fito.

Na sunkuyar da kai, amma kunnena na ƙirgawa. Takwas. Sunana biyar ne. Nata bakwai. Ban san abin da na ji ba.

Allo ya zama shuɗi, rubutu ko'ina. Ta ce, "Duba, Mama, har kwanan wata ya ɓace mata." Ta gyara shekara, ta gyara wata. Da ta zo kan rana ta ɗan tsaya, sannan ta buga. Ta shiga wani shafi ta kashe wani abu, ta ce sabon tsaron ne da ke hana tsohuwar hanya. Ta mayar da ita tsohuwar hanyar, ta sa rumbun a gaban layi. Ta adana, kwamfuta ta mutu ta farka.

Ta fara tashi, har wani tambari ya fito, sai ta tsaya cak ta koma baƙi.

Na ce shi ke nan, na kashe ta. Ta ce, "Tsaya." Ta cije leɓe tana kallon rufi. "Akwai na uku. Kullum sai na manta na uku, kullum sai ya ce min, Shugaba, kanki kamar rariya." Ta koma shuɗin allon, ta daɗe tana nema, ta canja yadda mai gadin ke magana da rumbun. Ta adana.

Wani akwatin kuma. Takwas.

Sai ga hotonsa ya cika allo, yana riƙe da kofi, ido a lumshe don rana. Ba ni na ɗauki hoton ba, ban ma san inda aka ɗauka ba.

Ta buɗe bidiyo ɗaya. Yana zaune a bencin shago, ya ce, "To jama'a, yau za mu ga abin da ke sa kwamfuta ta ƙi tashi." Sai hoton ya karkace, ya ce, "Shugaba, riƙe wayar da kyau mana, hannunki na rawa kamar na tsohuwa." Ya yi dariyar.

Ashe a ƙarshenta akwai ɗan tari. Shi na manta.

Ban san lokacin da na riƙe gefen rigarta ba. Ba ta janye ba, ba ta kuma juyo ba.

Litinin, 24 ga Yuni

Bidiyo talatin da huɗu. Ta bar min kwamfutar a kunne, na kalli goma sha biyu kafin azahar. A kowanne tana nan bayan waya, tana dariya, tana gyara masa magana, yana kallonta ba mu masu kallo ba. Irin kallon nan ban taɓa ganinsa a fuskarsa ba. Na yi ta jin haushi ina ta kallo.

Ni sau ɗaya na fito, a wanda suka ɗauka a sama. Murya kawai, daga ƙasa, ina ihu abinci zai huce. Ya ce, "Jama'a, hukuma ta kira, an tashi daga aji." Duk duniya a haka za ta san ni, mai ihu.

Laraba, 26 ga Yuni

Ta zo da wani rumbu ɗan ƙarami ta kwashe komai a ciki. Ta ce manhajar ta tsufa, wata rana dole a ɗora sabuwa, amma ba a taɓa ɗorawa sai an kwashe sau biyu, dokar shagonsu ce. Muna jira abin yana tafiya a hankali. Na ba ta shayi. Ta sha rabi.

Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ranar nan ba wata magana ya yi ba, Mama. Ruwa ya ce a ba shi. Shi ke nan."

Wata huɗu ina ƙona kaina a kan ruwa.

Asabar, 29 ga Yuni

Mota ta zo da safe. Ƙaninta ne ya tuƙo, ya gaishe ni ido a ƙasa, ni ma haka.

Ta ɗauki ƙaramin rumbun, ta bar min kwamfutar. Ta ce in riƙa jona ta a wuta, kada in ƙara cire mata komai. Ta ɗauko biro ta ce, "Bari in rubuta miki kalmar, ki riƙa buɗewa da kanki."

Ta sa biro a kan takarda. Abin da na yi sati uku ina so.

Na ce ta bari. Na ce idona ba ya ganin ƙananan haruffan nan, zan buga ba daidai ba ta kulle. Ta dube ni ta saman gilashi. Ta san ina zura zare a allura ba tare da an taya ni ba.

Ta ce, "To ranar Asabar ba ma buɗe shago da wuri."

Na ce ita ta sani.

Sama shiru. Ban hau ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Ta zo tara da rabi. Ta ce tara, na fara leƙa taga tun takwas, don kawai kada ta tarar da ƙofa a kulle. Ta buga takwas ɗinta, na kalli bango, ban ƙirga ba sosai. Mun kalli biyu. A na biyun ta ce a nan ya ƙona yatsa ya ɓoye min kwana uku, muka yi ta zaginsa tare.

Har yanzu ina jin wani abu in ya kalle ta haka. Bai tafi ba.

Na sa ta ci abinci kafin ta wuce shago, ta ce ta ƙoshi, na ce ba tambayarta na yi ba. Wuyan nan nata ba kyan gani.

Asabar mai zuwa na ce ta zo da wuri. Saboda kwamfutar ne, ba a so ta daɗe a rufe.